Kazar da Na Ƙi Ci a Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ƙanena Nasiru Kurfi ba, ko da tsufa zai kwashe mani duk sauran abin da ke kaina. A ranar ne bakina ya kusa kashe auren da aka daɗe ana ƙullawa, kuma duk a kan cinyar kaza guda ɗaya, wadda ko ɗanɗana ta ban yi ba.

Bari in ɗauko maku daga farko, don in na faro daga tsakiya za ku rikice kamar yadda na rikita mutanen Kurfi.

Ni 'yar Dutsin-Ma ce, a gida nake sayar da atamfofi da leshi da mayafai, kuma duk wanda ya san ni ya san Allah ya hore mani baki. (Mijina yakan ce in dai ina gida, asarar batir ce a kunna rediyo.) Ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu tun Nasiru yana sakandare, kuma faɗuwa ɗaya ya yi. Ya fito daga shagonsa na hatsi zai yi alwalar la'asar, ya dafe ƙirji, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ma haka ya faɗi a gonarsa a Shema bayan 'yan shekaru. Dukkansu ba su tsufa ba. Mu dai mun ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ɗin ne, ba mu taɓa tunanin akwai abin da ya haɗa mutuwar biyu ba.

Ana tsakiyar hidimar auren Nasiru sai ciwon kai ya matsa mani, ga wani nauyi a ƙeya. Na je wani asibitin kuɗi a nan garinmu, na tarar da wata likita matashiya mai sanyin murya. Ta auna ni ta ce jinina ya ɗan hau. Daga nan ta shiga tambayata labarin gida, wa ya rasu, mi ya yi ajalinsa, ya tsufa ko bai tsufa ba. Da na ba ta labarin Baba da ƙaninsa sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ban da gwajin maiƙon jini da aka saba yi, kolestarol ɗin nan da ake ta faɗa, tana so a ƙara mani wasu guda biyu, na wasu furotin da ke tafe tare da maiƙon. A nan ba a yin su, sai dai a ɗebi jinin a aika Katsina. Na ce to. Ni fa in aka ce abu sai an aika shi wani gari, har wani girma nake jin yana shigata.

Ranar da na koma jin sakamako ita ce ranar da mai kawo mani kaya daga Kano take turo mani hotunan leshin da za mu sa a akwatin amarya. Wayar tana kan cinyata a ƙarƙashin mayafi, likita tana bayani, ni kuma ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan leshi.

Ga abin da ta ce. Maiƙo ba ya iya tafiya shi kaɗai a cikin jini, sai an ɗauke shi. In ɗauka ranar kasuwa ce, hatsi shi ne maiƙon, motocin a-kori-kura su ne masu dakonsa. Gwajin da aka saba yi nauyin hatsin yake aunawa. Na farko cikin biyun nan, mai suna Apo-B, motocin yake ƙirgawa, don yawan motoci shi ke lalata hanya, hanyar kuwa ita ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Nawa sun yi yawa, amma ana rage su da gyaran abinci da tafiyar ƙafa da magani. Na biyun kuma, wanda har yau sunansa a wurina lipo-wani-abu ne, gadonsa ake yi, abinci bai cika taɓa shi ba. Shi ma ya ɗan hau. Ba ciwo ba ne, alama ce ta cewa a fara kula da zuciya da wuri, don haka in gaya wa 'yan ɗakinmu su ma su zo a duba su.

Kada ku ga na jero maku bayanin nan tsaf ku ɗauka a ranar na kwashe shi. Daga baya na sake jinsa, a wani zama da za mu zo kansa. A ranar, abin da ya shiga kunnena bai wuce kalmomi ƙalilan ba: motoci, gado, jini, 'yan ɗakinku. Sauran duk leshi ne.

"Kin gane, Hajiya?" in ji likita.

"Sarai," na ce.

Ta sake bi ta wani gefen, ta sake tambaya. Na ce mata ƙwarai kuwa. Da zan tashi ta ce in akwai abin da ya shige mani duhu in tambaya, kada in ji nauyi. Na yi dariya na ce ai ta yi bayani kamar malamar makaranta. Ni a rayuwata ban iya ce wa yarinyar da na girme wa "ban gane ba". Na karɓi magani na fito, ina tunanin ko mai ruwan zuma ya fi mai ruwan toka kyau.

Nasiru kuwa ban gaya mashi komi ba. Yana can bakin dam ɗin Zobe yana fama da tumatir da albasarsa na rani, in ya dawo kuma ga gyaran ɗakin amarya. Na ce a raina sai bayan biki.

Ranar kai lefe muka cika mota da mata, akwatuna a baya. Babbarmu a tafiyar Inna Kulu ce, ƙanwar mahaifiyarmu, mace marar son hayaniya, wadda in ta harare ka sai ka duba jikinka. Kafin mu bar gari na sa direba ya tsaya a tasha na sayi balangu, na ce wa mai naman ya sa mani wajen kitsen. (Dokar likita gobe zan fara ta. Tun ranar da na baro asibiti nake cewa gobe.) Kafin mu shiga Kurfi na cinye shi tas, na goge hannu da gefen mayafi.

Gidan Alhaji Mamman muka nufa, mahaifin Rabi, amaryar tamu. Fataucin shanu yake yi, mutum ne mai magana ɗaya. Amma mai riƙe da cikin gidan a irin wannan rana yayarsa ce, Gwaggo Lami, wadda ta raini Rabi tun tana ƙarama. Ita ce tun kafin a sa rana ta kafe sai an yi gwajin jini na kafin aure, kuma ta bi su da ƙafarta har asibiti. An yi, aka ce jininsu bai yi karo ba, ba fargabar sikila. Na san ta kafe, amma ban taɓa tambayar dalili ba.

An tarbe mu da mutunci. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jera akwatuna, ni na tashi ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaga zane ina faɗin sunansa, mata suna shafawa suna sa albarka. Da na fito da leshin nan mai ruwan zuma wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kaina ya kumbura har ɗankwalina ya fara matse ni.

Sai aka kawo abinci. Kaji soyayyu a faranti, dubulan, alkaki, cincin, ga fura da nono a ƙwarya. Gwaggo Lami da kanta ta zaɓo cinya mafi girma ta ajiye a gabana.

"Bismillah, 'yar nan. Ke kin fi kowa wahala."

To ni cikina cike yake da balangu. Da na yagi ko loma ɗaya na ce alhamdu lillahi, da an wuce wurin. Amma a gefena akwai wata matar yayan amarya da ta zo daga Abuja, da tabarau da jaka mai sarƙa, tun ɗazu tana maganar asibitin da take zuwa. Sai na ji ni ma ina so a san ba a baya nake ba, ina da likita tawa ta kaina. Na ture farantin a hankali, na gyara murya.

"Wallahi Gwaggo da na ci, likitata ce ta hana ni maiƙo. Har Katsina aka aika jinina, aka gano wani abu a ciki. Na gado ne ma. Ta ce duk 'yan ɗakinmu sai an duba su."

Na ji Inna Kulu ta mintsine ni a cinya. Na ɗauka so take in miƙo mata cincin, na miƙa mata.

Gwaggo Lami ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Duk 'yan ɗakinku. Har da Nasiru ke nan?"

"Ai shi ne ma kan gaba, uwa ɗaya uba ɗaya muke."

"Mi ne ne sunan abin?"

"Lipo... wani abu dai, sunan Turawa ne. Ana ma jin shi ya kashe Babanmu da ƙaninsa." (Likita ba ta taɓa faɗin haka ba. Cewa ta yi mai yiwuwa yana da hannu. Ni na ga "mai yiwuwa" ba ta da armashi a bainar jama'a.)

"Yana da magani?"

Na lalubo a kaina, na tuna an ce abinci bai cika taɓa shi ba. "Wannan kam ba ya jin komi, da shi ake haihuwar mutum."

Sai a lokacin na lura duk matan sun zubo mani ido. Wadda ke riƙe da leshi ta ajiye shi. Matar Abuja ta cire tabarau tana kallona. Na ji ya kamata in gyara, sai na yi 'yar dariya na ce, "Amma fa ba wani abu ba ne, Gwaggo."

Ta dube ni ido cikin ido. "Ni ma haka aka ce mani."

Ta miƙe, ta bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya tana mayar da kaya tana zuge su. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce a kai su zaure tukuna, kada a shigar da su ɗaki sai Alhaji ya ji. Mu kuma ta ce mu gaida gida. Duk wadda ta taɓa kai lefe ta san akwatin da ya kwana a zaure ba a karɓe shi ba.

Muka shiga mota muka bar gari. Ni kuma har lokacin ban gane laifina ba, ina ta juya maganar ina neman inda ta karkace. Na ce, "Inna, wai mi na faɗa?"

Inna Kulu ba ta ko juyo ba. "Matar nan 'ya'ya uku ta binne. Sikila. Kowanne sai da ya yi wayo, ya iya kiran sunanta, sannan ya tafi. Lokacin aurenta an san akwai abin a dangin mijin, aka ce mata ba wani abu ba ne. Ke kuma kin je har gidanta, kin ƙi abincinta, kin ce mata jininku da abin da ke kisa kuma ba shi da magani. Mi kike so ta yi, ta yi maki guɗa?"

Na ji kunya, na ji tsoro, kuma abin da ya fi damuna shi ne ko da za a sa mani wuƙa a wuya ba zan iya cewa ƙarya na faɗa ko gaskiya ba, don ni kaina ban san mi ke jinin nawa ba.

Washegari da hantsi Nasiru ya shigo gidana, ƙafarsa duk taɓon lambu. An aiko daga Kurfi cewa a dakata da maganar ɗaurin aure sai an ji bayani. Rabi ta kira shi tana kuka, tana tambayarsa don mi ya ɓoye mata. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ni ciwon mi gare ni? Kowa a Kurfi ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba ciwo ba ne, motoci ne.

"Motoci."

"Eh, a cikin jini. Suna ɗaukar hatsi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko maganin da aka ba ni yana sa maye. Yaron da na goya a bayana. Da zai fita ya ce, "Yaya, in auren nan ya lalace ban san yadda zan yi ba." Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, ya yi sauri ya fice don kada in gani.

Na zari mayafi na nufi asibiti, aka ce likita ta yi tafiya sai wani mako. Na dawo na shiga tambayar mutane. Maƙwabciyata ta ce ai kitse ne ya daskare, in sha tafarnuwa da lemon tsami. Mai kemis ɗin layinmu ya ce bai taɓa jin sunan ba, ya sayar mani da maganin ƙarin jini. 'Yata ta duba a waya ta karanto mani Turanci mai tsawo, na ƙara dulmiya. Kafin Alhaji Mamman ya aiko in je, bayanin da ke kaina ya kai kala huɗu kuma ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa.

A zaure ya karɓe mu, ni da Nasiru da Inna Kulu. Akwatunan suna jingine da bango an lulluɓe su da tsohon zane, kuma daidai gefensu aka shimfiɗa mani tabarma. Gwaggo Lami tana zaune a bakin ƙofar shiga gida. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Hajiya, ni shanu na sani. In saniyata tana da aibi, tun kafin a yi ciniki nake faɗa wa mai saye. Ba na son a ɓoye mani. Faɗa mani mi ke akwai."

Na gyara zama. Na ce, "Ranka shi daɗe, ka ɗauka ranar kasuwa ce."

"Na ɗauka."

"To akwai motoci, a-kori-kura, suna tafiya cikin jini. To nawa sun yi yawa."

"Ina suka nufa?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce zuciya suka nufa, hatsi za su kai mata.

"To in abinci suke kai mata, ina laifin yawansu?"

Na ce a'a, hatsin ne ba shi da kyau. Ya ce to laifin hatsi ne ke nan, ba na mota ba. Na ce a'a, motocin ake ƙirgawa. Ya ce don mi za a ƙirga marar laifi a bar mai laifi? Na ce saboda kwalta. Ya ce wace kwalta? Na ce zuciyar ita ce kwaltar. Ya ce ɗazu na ce zuciya ita ake kai wa kaya. Na ga Nasiru ya sunkuyar da kai, Inna Kulu kuma ta fara jan carbi da ƙarfi.

"To wanne ne na gadon," in ji Alhaji, "hatsin ko motar?"

"Wata mota ce daban."

"Ita mi take ɗauka?"

Ni mai bakin da ke sayar wa mace zanen da ba ta zo saye ba, ga ni zaune kusa da akwatunan da na shirya da hannuna, mai shanu ya ƙure ni. Daga ƙarshe na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a gaban likita. Na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi ban gane ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. "To yanzu muka fara jin gaskiya. In likitar ta dawo, ki kai mu wurinta."

Haka aka yi. Ranar da ta dawo, Alhaji ya ɗauko Gwaggo Lami a motarsa suka zo Dutsin-Ma, muka ɗunguma ofishin likita har sai da aka ƙaro kujeru. Ta tambaye ni ko na yarda ta yi maganar jinina a gabansu. Na ce ai jinina ya riga ya zagaye Kurfi, ta faɗi komi. Sai ta ce, cikin muryar nan tata mai sanyi, "Hajiya, kafin in fara, mi kika fahimta a wancan zuwan? Don na tambaye ki kin ce sarai."

"Ta ce sarai?" in ji Alhaji.

"Har yaba mani ta yi," in ji likita.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban ko waiwayo ba. Likita ta sake bayanin daga farko, wanda na ba ku ɗazu, wayata kuwa tana can ƙasan jaka a kashe. Abin mamaki, ba wuya gare shi. Alhaji ya gane tun a zagayen farko, har yana cewa ai haka manyan motocin shanu suka cinye masu hanyar kara, kasuwarsu ta shanu.

Gwaggo Lami ta jira har aka gama. Sannan ta matso da kujerarta ta ce, "'Yata, ni ban san mota ba. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki ji tsoron Allah ki gaya mani. 'Ya'yan da za su haifa, za su riƙa kuka da ciwon ƙashi? Za a riƙa ƙara masu jini?"

Likita ta kama hannunta. "A'a, Gwaggo. Wannan ba sikila ba ne, ko kusa ba su haɗa hanya ba. Ba zan ɓoye maki ba, yaro yana iya gadonsa, yana iya ƙin gada. In ya gada zai yi wasansa, ya yi karatunsa, ya girma lafiya. Sai ya zama babba ne za a ce ya kula da hawan jini da abinci, ya guji taba, a riƙa duba shi. Ba ya hana aure. Sanin da aka yi da wuri ma shi ne alherin."

Gwaggo ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta sa gefen mayafi ta share ido. Ni ma na ji hawaye sun zo mani, don sai a lokacin na ga girman abin da na tayar mata da shi saboda in burge mai tabarau.

Da ma a nan aka tsaya. Amma likita ta juyo kaina ta ce, "Shi na gadon ba ruwansa da kaza. Ɗayan ne ke son a rage maiƙo. Ya dokar abincin, kina bi?"

Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, Gwaggo ta ce, "Ranar da ta ƙi kazata, da maiƙon balangu a mayafinta ta shigo mani gida. Har yaji na gani."

Alhaji ya yi tari ya kau da kai. Nasiru, wanda ya yi kwanaki bai yi murmushi ba, ya kifa fuska a tafin hannu kafaɗunsa suna rawa. Likita ta duƙa tana rubutun da na tabbata ba komi take rubutawa ba.

A nan take aka ɗebi jinin Nasiru. Ana gamawa sai Alhaji ya naɗe hannun rigarsa. Ya ce shi ma yayansa a tsakiyar kara ya faɗi, yana riƙe da igiyar sa, kuma ba wanda ya taɓa ce masu a duba sauran. A ɗebi nasa.

Da yammacin ranar aka shigar da akwatuna ɗaki. Rabi ta gaya wa Nasiru cewa Gwaggo ce da kanta ta yi guɗar. Bayan 'yan kwanaki sakamakon Nasiru ya dawo lafiya lau, bai gaji komi ba. Duk tashin hankalin nan a kan abin da ke jikina ne ni kaɗai.

Ranar ɗaurin aure, tsakar gidan Alhaji cike da mata, ana ta rabon shinkafa da kaji, sai ga Gwaggo Lami ta ratso taro da wani ɗan kwano a rufe. Ta ajiye a gabana ta buɗe. Kwaɗon zogale ne da dafaffen kifi, ko ɗigon mai babu. Ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji, ta ce, "Wannan na mai motoci ne, kada wanda ya ba ta kaza." Sannan ta zauna kusa da ni ta tsare ni har na cinye. Har yau a Kurfi ba wanda ya san sunana na yanka, Mai Motoci suke cewa.

Yanzu ina shan maganina, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba, balangu kuma sai dai mu gaisa daga nesa (yawanci). In likita ta tambaye ni ko na gane, sai in ce ta sake, ko sau nawa ne, har ta fara duba agogo. In kuma aka ajiye mani abinci a gidan surukai alhali na ƙoshi, sai in yagi loma ɗaya in yi godiya in rufe bakina.

Sakamakon Alhaji Mamman ma ya dawo, kuma na san abin da ke ciki, don a gabana ya gaya wa Nasiru. Amma ba a bakina za ku ji shi ba.